Neman Idon Kamara a Kwatano

Sallamar gida ba abin labari ba ce, na tsallake ta. Ku same ni a tsakiyar kogi, cikin kwalekwale, ina zaune kan buhun albasar wani, gada tana can gefe a toshe. Tun da sojoji suka karɓi mulki aka rufe iyaka, duk mai son zuwa Malanbil daga Gaya sai ya bi ruwa kamar kakanninmu.

Sunana Hamidu, amma in ba ka ce Hamidu Bidiyo ba, babu mai nuna maka gidana. A aji biyar na bar lakwal, wato makarantar boko, faransancina na kasuwa ne. Sama da shekara ashirin ina ɗaukar biki da suna, daga Gaya zuwa Tanda har Karakara, da wata ƙatuwar kamara mai kaset da ake saɓawa a kafaɗa. A da, in na sauka daga babur da ita, taro darewa yake yi. A ba ni kujera, a ba ni cinyar kaza. Sai salula ta zo, kowa ya zama mai ɗaukar hoto. Sai kuma aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Najeriya, fitilar da nake jonawa a ɗakin amarya ta zama kayan ado. Bikin da na ɗauka a Tanda, ba a ganin komai na amarya sai haƙora da farin ido.

Hajiya Kande ce ta kira ni a kan haka. Ita ce duk mai aurar da ɗiya a unguwanninmu ke neman shawararta, daga mai girki har mai kiɗa. Gaban mata ta faɗa min, ko murya ba ta rage ba.

"Hamidu, girman mahaifiyarka nake gani. Bikin ɗiyar ƙanena saura mako biyar. In ka sake kawo min baƙin nan, daga Yamai zan riƙa ɗauko masu ɗauka. Kai kuma ka sauka bakin kogi ka yi dako kamar kowa."

Dako, ina da shekara hamsin ba ɗaya, da gwiwar da ke ƙara in na tashi daga salla. Na sayar da ƴar gonar shinkafar da na gada a fadama, don in je Kwatano in sayo sabuwar kamara. Matata Rabi ta yi kwana uku ba ta ce min ci kanka ba. Abin da na ɗauko a raina kuwa a fili yake: ƙatuwar kamara da dogon ido, irin na masu ɗaukar ƙwallo da muke gani a tele. Idon nan da ake kwancewa a ɗaura wani, wanda masu sana'a ke ce wa objektif. So nake in na shiga taro a sake darewa.

Malanbil gida ce, ba na lissafa ta cikin tafiya. Baƙunta ta fara ne bayan Kandi, a wani shinge, inda wani mai kaki ya juya katin shaidata gaba da baya ya ce, "A! Ku ne kuka rufe mana gada."

Na ce, "Ni ko ƙofar gidana ba ta rufuwa da kyau."

Ya yi dariya ya miƙo min katin. Ba duka shingayen aka yi dariya ba.

Kafin Paraku mota ta mutu, rana tsaka, a dajin da ba ko rumfa. Mun yi wuni guda direba na kwance ƙarƙashinta yana zagin wani ƙarfe. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta kwance ƙullinta, ta raba dafaffiyar doya biyu, ta dangwala manja da yaji ta ɗora min a tafin hannu. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Na ce na gode da Hausa, da Dendi, da faransanci. Ta kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda, ta ci gaba da taunarta.

Daga nan ƙasa ta yi ta canzawa. Gero ya ɓace, bishiyar kwakwa ta fito, kiran salla ya yi nisa. Kwatano kuwa zafinta ɗanko gare shi. Ka wanke riga ka shanya, gobe ka same ta da danshi tana warin rijiya. Masu babur da rigunansu rawaya sun cika titi kamar fara. Na sauka a Zango wurin Malam Garba, ɗan Gaya ne mai sayar da albasa, ya daɗe a can har gemunsa ya yi fari. Ya ba ni tabarma a ɗakinsa, ya ba ni wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye. Na ci don kunya. Kifin tekunsu ma ban ji daɗinsa ba, bakina na neman ragon ruwa na koginmu da furar Rabi. In na kira ta, kalma biyu take yi min: "Ka samo?"

A masallacin Zango na haɗu da Idi, bayan la'asar. Hausarsa ta gida ce tsaf, ya ce uwarsa ƴar Doso ce, ya kama hannuna da hannu biyu yana ce min yaya. Dillali ne, wai duk mai shagon kamara a garin ya san shi. Ni da na zo ina tsoron masu baƙon yare, sai ga shi na miƙa wuyana ga mai yarena.

Washegari ya kai ni wani shago a saman bene kusa da babbar kasuwa. Aka fito min da kamara wadda ba ta fi tafin hannuna biyu ba. Na ce wannan ai ta wasan yara ce.

"Yaya, duniya ta bar kafaɗa," in ji Idi. "Yanzu jiki ƙarami, ido babba. Tsaya ka gani."

Aka ɗauko objektif mai tsawon rabin taɓarya, aka murɗa shi a gaba. Nauyinsa kaɗai ya faranta min rai. Muka fita baranda, rana na tsakiyar kai. Na saita wata mai sayar da abarba can ƙetaren titi, na murɗa zum na jawo ta kusa. Wallahi har ƙudan da ke kan wuƙarta na gani. Ban tambayi komai ba, ban gwada a wani wuri ba. Gonar ubana ta tashi daga aljihuna ta shiga durowar mai shago, sai ɗan abin komawa gida.

Da na dawo masauki na ce, "Malam Garba, zauna in fara da kai, don albarka."

Ya gyara hula ya zauna bakin katifa. Na ɗaga kamara, sai hanci. Na ja baya, hanci. Na ƙara ja, ƙeyata ta bugi bango. Hancin ma a duhu yake, da wani hazo-hazo a kansa, kuma hannuna na ɗan motsawa hoton ya yi tsalle.

"Na fito?" in ji shi.

"Hancinka ya fito."

"To, ai shi ne mafi kyau a fuskar."

Ban yi dariya ba. Ɗakin Malam Garba ya fi ɗakin kowace amarya a Gaya girma da haske.

Washegari mai shago ya nuna min takardar da na sa wa hannu, ya ce abin da ya fita ya fita. Salular Idi a kashe. Kwana uku ina zaga Zango ina tambaya, kowa ya san shi, ba wanda ya gan shi. Rana ta uku na taka har bakin teku, karo na farko a rayuwata. Mutane na cewa abin mamaki ne. Ni dai ruwa na gani wanda ba a sha, ba a noma da shi, ba ka ganin ƙetarensa. Na zauna a yashi ina tunanin wane buhu zan fara ɗauka a bakin kogi, na siminti ko na shinkafa. Rabi ta kira, ban ɗaga ba.

Malam Garba ne ya ce, "Akwai wata mata da ke sayen albasa wurina, sana'arku ɗaya. Jana'iza take ɗauka. Bakinta ba daɗi, amma ba ta ƙarya."

Na same ta a shagonta, sunanta Madam Selestin. Doguwa, kakkaura, kai a aske, da wando irin na maza. A Kandi ta girma, ubanta malamin lakwal ne a can, don haka Dendi a bakinta kamar ƴar Gaya. Ta ce min Alaji, kamar yadda suke ce wa duk wanda ya zo daga arewa da doguwar riga. Ta kwance objektif ɗin, ta ɗaga shi saitin taga, ta ce in leƙa. A cikin gilashin akwai zare-zare kamar saƙar gizo.

"Fumfuna ce, iskar teku ke kawo ta. Shi ne hazon da ka gani. Ana wankewa. Ba wannan ne babban ciwonka ba. Me kake ɗauka?"

"Biki."

"A ina?"

"Ko'ina. Fili, titi, gida."

"Alaji, kar ka ba ni wahala. Wane hoto ne in ya lalace ba za a sake kiranka ba?"

Na ce, "Amarya a ɗakinta."

"Taku nawa ne ɗakin? Tashi ka taka min."

Na tashi na taka a shagonta kamar ɗan lakwal. Taku huɗu. Na ce amma gado da jeren kwanoni sun cinye biyu, don a wurinmu dangin amarya sai sun jera kwano da tasa tun daga ƙasa har rufi, kuma kowace gwaggo so take ta ga nata a bidiyo. Namiji ba ya shiga sai mai ɗauka, shi ma minti kaɗan ake ba shi.

"Taga?"

"Ɗaya, kamar faifai. An toshe ta da labule saboda ƴan leƙe."

"Wuta?"

"Babu."

Ta yi dariya har tana dafa tebur. "Ka sayo gorar tuƙa jirgi za ka dama fura da ita! Kuma a baranda ka gwada, ko? Da rana tsaka?"

Na so in tashi in tafi. Sana'ar da na yi shekara ashirin ina yi, yau mace mai askakken kai ke min dariya a kanta. Gwiwata ce ta hana ni saurin tashi, kafin in miƙe ta buɗe durowa ta ɗauko wani guntun objektif, bai fi gwangwanin tumatir ba, duk fentinsa ya goge.

Ta nuna min lambobin da ke jikinsa da farce. Lamba biyu ce, in ji ta, sauran duk surutun masu shago ne. Ta farko, in ƙarama ce ido na ganin fili, in babba ce yana jawo nesa ya matse. Nawa daga ɗari yake farawa, nata ashirin da huɗu. Ta biyu ita ce faɗin ƙofar da haske ke shiga, kuma a juye take: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Nawa biyar da wani abu, nata bai kai biyu ba.

"Naka sai rana ta ciyar da shi. Wannan ko hasken ƙofa ya ishe shi."

"Ina zum ɗinsa?"

"Ba ya da shi. Ƙafarka ce zum."

Ta ce mai taya ta ɗauka ya tafi garinsu, kuma tana da jana'iza ranar Asabar. In zo in riƙe kamara ta biyu da guntun nan, ta ga hannuna. Na ce zan yi shawara. Jana'izarsu ba irin tamu ba ce, da ƙaho da ganga ake yi, da anko, da rawa, da kwalabe. Malam Garba ya ce, "Aiki za ka yi, ba rawa ba. In lokacin salla ya yi ka nemi lungu."

Ranar Asabar ta sa ni a ɗakin da dangi ke zaune da akwatin gawa. Ɗaki ne mai duhu, kyandir biyu da ƙofa ɗaya. Na ɗaga kamara, sai ga ɗakin duka a ciki, bango zuwa bango, fuskoki na sheƙi. Har na ji tsoro. Amma na farko da na ɗauka duk ya lalace, kunne ya fito fes, ido ya dushe. Ashe in ƙofar hasken ta buɗe sosai, wurin da ke fitowa tsaf siriri ne. Madam ta leƙo ta bugi hannuna.

"Ido, Alaji! Idon da ya fi kusa da kai, shi za ka saita. Kuma kar ka ba ƙofa gaba, ka ba ta baya, haske ya faɗa kan fuska."

Ta fita wurin masu ƙaho. Ni kuma na yi abin da na sani. Shekara ashirin sun koya min cewa mai kururuwa ba shi ne hoto ba. Can a kusurwa akwai wani tsoho, ƙanen mamacin, ba ya kuka, yana riƙe da hular wansa yana ninkewa yana warwarewa. Na matsa taku biyu, na tsaya, na riƙe numfashi. Ban motsa ba har ya ɗora hular kan gwiwarsa ya shafa ta kamar kan jariri.

Ranar Litinin, da take haɗa hotunan a na'urarta, ta kai wurin nan ta tsaya. Ta maido baya ta sake kallo.

"Wa ya koya maka tsayuwa haka?"

"Kamara mai nauyin rabin buhun gero."

Ta ɗauko dogon objektif ɗin ta juya shi a hannu. Sannan ta ce, "Zan karɓi dogon, in kai a wanke. Ina buƙatarsa in ana rakiyar gawa a titi. Ka ɗauki guntun. Amma ka sani, ni ce da riba. Ba sadaka nake yi ba."

"An cuce ni sau biyu ke nan."

"A'a. Na farko a ɓoye aka yi maka. Ni ina faɗa maka a fuska."

Na juya kamarar a hannuna. Da guntun a gabanta, aljihun babbar riga ma zai ɗauke ta. Na ce, "Madam, a garinmu in suka ga wannan ba wanda zai ba ni hanya."

"In nauyi kake so, ɗaura mata bulo."

Da zan fita ta kira ni, ta jefo min batir guda. "Wannan kyauta ce, ƙasarku ba wuta. Ka gaida Gaya, a can na fara cin kifin da ya amsa sunansa."

Komowa ba ta da labari, sai dai leda uku na naɗe kamarar da su kafin in shiga kwalekwale, na rungume ta a ƙirji har mai jirgi ya tambaya ko jinjiri ne. Kwana goma suka rage. Na yi su a ɗakinmu ina saita idon Rabi, tana tsintar shinkafa, tana ninke kaya, tana cewa in na ƙara nuna mata abin nan za ta jefa shi a tukunyar miya. Rana ta huɗu na juya mata ɗan gilashin bayan kamarar ta ga kanta. Ta ce, "Hm." Can an jima ta ce, "Mu ga kuma."

Gonar dai ba ta dawo ba. Har yau in na bi ta fadama na ga shinkafar wani a cikinta, kauda kai nake yi. Idi kuma na bar shi da Allah, amma ban yafe ba, kar wani ya ce na yafe.

Ranar biki, bayan azahar, na shiga gidan da ƙafa. Ba wanda ya dare. Sai da na yi ta "gafara dai, gafara dai" kamar mai tallan goro. Hajiya Kande na zaune tsakar gida cikin mata, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ina kamarar?"

"Ga ta."

Wata daga bayanta ta ce, "Tsohuwar ce ta haihu, ka zo mana da jaririyar?"

Gida ya ɗauki shewa. Wata ta ce a kawo zane a goya min ita. Hajiya ba ta yi dariya ba, ta dai ce, "Minti biyar. Ka san abin da muka yi da kai."

Ɗakin taku huɗu ne, kamar yadda na faɗa. Kwanoni har rufi, turaren wuta ya cika shi, zafi kamar gidan burodi. Amarya ma'aikaciyar asibiti ce, ta san ni tun tana ƙarama, ta ce, "Baba Hamidu, don Allah kar ka mai da ni aljana irin ta Tanda." Na ce a ɗage labulen ƙofa kawai, ta juyo ta fuskance shi. Na ba ƙofa baya, na saita idonta na kusa, na riƙe numfashi. Na bi jeren kwanoni a hankali daga ƙasa zuwa sama, na dawo kan hannuwanta. Ban cika minti biyar ɗin ba na fito.

Na durƙusa gaban Hajiya na juya mata gilashin. Ta goge shi da bakin mayafi, ta kawo shi kusa da hanci. Mata suka yi cincirindo a kanta. Ga zanen lalle ɗaya bayan ɗaya, ga zufa a goshin amarya, ga ɗan murmushin da take ɓoyewa. Wata gwaggo ta buga ƙirji ta ce, "Ga tasata can sama, mai fure! Wallahi ita ce!"

Hajiya ba ta yabe ni ba, ba halinta ba ne. Ta ce, "Akwai na Karakara wata mai kamawa. Kar ka karɓi na kowa ranar." Sai ta miƙe da ƙyar ta kama hannun rigata. "Zo."

Ta ja ni bayan gida, ta wuce madafa, zuwa wani ɗan ɗaki da ban taɓa lura da shi ba. Mahaifiyarta ce a ciki, kakar amarya. Shekara uku ƙafa ta hana ta fita, in ji Hajiya, bukukuwan jikokinta duk ta bango take jin su, kuma babu bidiyo ko ɗaya da take ciki. Ɗakin ya fi na amarya duhu. Na bar ƙofa a buɗe, na durƙusa.

"Wane ne?" in ji tsohuwar.

"Mai hoto ne, Inna," in ji Hajiya.

"A duhun nan? Ku bar wahalar da bawan Allah. Ni ai ba a ganina."

Na duba gilashin. Na ce, "Inna, ina ganinki sarai. Har tsagar kumatunki, uku-uku."

Ta kai hannu ta taɓa kumatun.

"To tsaya, kar ka ɗauka tukuna. Kande, buɗe akwatin nan ki miƙo min ɗankwalina mai ruwan zuma."

Na sauke kamara, na jira ta ɗaura.